Allurar Rigakafin Annoba: Yadda Jama'ar Ƙasashe Suka Karɓe Ta, Da Abin Da Hakan Ya Jawo Wa Tattalin Arziki

A ranar 22 ga watan Disamba na shekarar 2021, jami'an Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa suka kwashi allurar rigakafin cutar korona fiye da miliyan ɗaya, samfurin AstraZeneca, suka kai ta wani juji da ke bayan garin Abuja, inda aka sa katafila ta bi ta kanta. Ƙasashen Yamma ne suka ba da allurar kyauta, amma ta iso ne saura 'yan makonni wa'adin amfani da ita ya cika. A lokacin da ake wannan aiki, 'yan Nijeriya da suka kammala rigakafin ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Watanni bakwai kafin nan kuwa, a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, allura ce ta yi kwantai, har Gwamna Mike DeWine ya sa gasar ƙuri'a ta dala miliyan ɗaya kowane mako, na tsawon makonni biyar, don jawo hankalin waɗanda suka ƙi fitowa. Waɗannan al'amura biyu sun nuna cewa samar da allura a masana'anta rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne a kai ta inda mutane suke a kan lokaci, su kuma su yarda su miƙa dantsensu.

Batun ya shafi 'yan kasuwa da masu tsara kasafin kuɗi kamar yadda ya shafi likitoci. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris, 2020, tattalin arzikin duniya ya ja da baya da kimanin kashi 3 cikin ɗari a wannan shekara, abin da ba a ga irinsa ba tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Afrilu farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, har a kasuwar Amurka aka yi ranar da mai sayarwa ne yake biyan mai saye don ya kwashe. Nijeriya, wadda ta dogara ga man fetur wajen samun kuɗin waje, ta faɗa cikin koma-bayan tattalin arziki karo na biyu a cikin shekaru biyar. Dokar zaman gida da aka kafa a Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris, tare da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ta tsai da cinikin miliyoyin mutanen da sai sun fita suke samun abin da za su ci.

Da allura ta samu a ƙarshen 2020, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi lissafi a watan Mayu na 2021 cewa dala miliyan dubu 50 za ta isa a yi wa kashi 40 cikin ɗari na jama'ar kowace ƙasa rigakafi kafin shekarar ta ƙare, da kashi 60 zuwa tsakiyar 2022, tare da sauran matakan gwaji da magani. Ribar da Asusun ya hango wa duniya daga wannan ita ce dala tiriliyan 9 zuwa shekarar 2025, wato kowace dala ɗaya da aka zuba za ta dawo da kusan 180. Da wuya a sami wata hanyar zuba jari mai irin wannan riba. Duk da haka ba a cim ma burin ba, kuma dalilan sun bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan.

A wurin mai nazarin tattalin arziki, akwai abin lura a kan yadda mutum ɗaya yake yanke shawara. Ko da gwamnati ta ce allura kyauta ce, wanda za a yi wa yana biyan wani abu: kuɗin mota zuwa asibiti, yinin da zai rasa a kasuwa ko a gona, wataƙila da kwana ɗaya ko biyu na zazzaɓi, sa'an nan ga fargabar abin da bai sani ba. Amfanin kuwa ba shi kaɗai yake ci ba, domin wani kaso yana zuwa ga maƙwabta da abokan aiki da asibitin da ba zai cika da majinyata ba. Duk hajar da mutum yake ɗaukar wahalarta shi kaɗai amma amfaninta ya watsu ga jama'a, akan saye ta ƙasa da yadda ya kamata. Abin da yake cike wannan giɓi shi ne yarda, wato amincewar mutum da likitan da ke gabansa da kuma hukumar da ta aiko likitan. Ita kuwa yarda jari ce da ake tarawa shekara da shekaru, kuma kuskure ɗaya yana iya cinye ta.

Tun kafin annobar ta ɓulla an san cewa wannan jari bai rabu daidai da yadda dukiya ta rabu ba. Binciken da Gidauniyar Wellcome ta Ingila ta gudanar a 2018 a ƙasashe fiye da 140 ya gano cewa kusan mutum takwas cikin goma a duniya sun yarda allurar rigakafi ba ta da haɗari. Bangaladash da Ruwanda, waɗanda duka matalauta ne, suna sahun gaba wajen wannan amincewa. Ƙasar da ta fi kowa shakka ita ce Faransa, mahaifar Louis Pasteur, inda mutum ɗaya cikin uku ya ce bai yarda ba.

Shakkar Faransawa tana da tushe. A shekarun 1980 an ba wa masu ciwon rashin daskarewar jini magungunan da aka haɗa daga jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, lamarin da ya kai har ga gurfanar da ministoci. A 2009 kuma, lokacin murar aladu, gwamnati ta yi odar allura miliyan 94, amma waɗanda suka karɓa ba su kai kashi 10 cikin ɗari na jama'a ba, aka yi ta zargin an ɓarnatar da kuɗi don amfanin kamfanonin magani. Saboda haka a Disambar 2020, Faransawa huɗu kacal cikin goma ne suka shaida wa kamfanin jin ra'ayin jama'a na Ipsos cewa suna da niyyar karɓar allurar korona. Al'amarin ya sauya ne a ranar 12 ga Yuli, 2021, sa'ad da Shugaba Emmanuel Macron ya ba da sanarwar cewa shiga gidan abinci ko jirgin ƙasa mai dogon zango zai buƙaci takardar shaidar rigakafi ko ta gwaji. A cikin kwana ɗaya kusan mutum miliyan ɗaya suka nemi a ba su rana. An yi zanga-zanga kowace Asabar a biranen ƙasar, amma daga ƙarshe kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a sun yi rigakafin. Majalisar Nazarin Tattalin Arziki mai ba Firayim Ministan Faransa shawara ta ƙiyasta a Janairun 2022 cewa takardar ta ƙara yawan masu rigakafi da maki 13 cikin ɗari, ta ceci rayuka kusan 4,000, ta kuma kare ƙasar daga asarar kimanin Yuro miliyan dubu 6.

Fotugal ta kai inda ya fi haka ba tare da irin wannan rigima ba. Ƙasar tana da shirin rigakafi na ƙasa tun 1965, kuma tsofaffinta suna tuna zamanin da ƙyanda da shan-inna suke kashe yara ko nakasa su. A Fabrairun 2021 aka danƙa aikin ga wani babban hafsan sojan ruwa, Henrique Gouveia e Melo, wanda ba ya cikin kowace jam'iyya, ya mai da filayen wasanni cibiyoyin allura. Zuwa Oktoba kimanin kashi 85 cikin ɗari na jama'ar ƙasar sun kammala rigakafi, ta ɗage yawancin takunkuminta, wanda kuwa babban abu ne ga ƙasar da ta dogara ga masu yawon buɗe ido.

Rasha ta ba da misalin akasin haka. Ita ce ta fara yi wa allurar korona rajista a duniya, a ranar 11 ga Agusta, 2020, kafin a kammala babban zangon gwaji, ta kuma sa mata suna Sputnik V. Ta sayar wa ƙasashe da dama, amma a gida jama'a suka ja da baya. Shugaba Vladimir Putin bai karɓi tasa ba sai a Maris na 2021, kuma ba a gaban 'yan jarida ba. Birnin Mosko ya sa gasar ƙuri'ar motoci, ya kuma tilasta wa kamfanonin hidima su yi wa yawancin ma'aikatansu rigakafi, duk da haka zuwa Oktoban 2021 kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kammala. Da mace-mace suka yi yawa, gwamnati ta ba da hutun dole na mako guda daga ƙarshen watan, wanda kamfanoni ne suka ɗauki nauyin albashinsa.

Barazil kuwa ta nuna cewa yarda da asibitin unguwa tana iya rinjayar maganar shugaban ƙasa. Shugaba Jair Bolsonaro ya yi ta kushe allurar, har a Disambar 2020 ya yi ba'a cewa in mutum ya rikiɗe ya koma kada bayan an yi masa, wannan matsalarsa ce. Amma ƙasar tana da shirin rigakafi na ƙasa tun 1973, da tsarin kiwon lafiya kyauta wanda ya kai har ƙauyukan dajin Amazon. Jama'ar da suka ga mutuwar fiye da mutum 600,000 kafin ƙarshen 2021 sun yi dogayen layuka, kuma yawan waɗanda suka yi rigakafi a Barazil ya wuce na Amurka.

A Amurka kuɗi bai zama matsala ba, domin gwamnati ta zuba fiye da dala miliyan dubu 10 wajen hanzarta samar da allura tun a 2020. Siyasa ce ta raba kan jama'a. Zuwa ƙarshen 2021, ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna kimanin mutum tara cikin goma na magoya bayan jam'iyyar Dimokurat sun karɓa, alhali na jam'iyyar Rifablikan kimanin shida ne cikin goma. A cikin baƙar fata kuma akwai tabon binciken Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 likitocin gwamnati suka bar ɗaruruwan maza masu ciwon tunjere ba magani don su ga yadda cutar za ta ƙare da su. Da gwamnatin Shugaba Joe Biden ta umarci kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye su tabbatar da rigakafi ko gwajin mako-mako, Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin a Janairun 2022. Wasu kamfanoni sun bi hanyarsu ta lissafi. Kamfanin jiragen sama na Delta, alal misali, ya ƙara dala 200 a wata a kan kuɗin inshorar lafiya na duk ma'aikacin da ya ƙi allura, bisa hujjar cewa jinyar mai korona a asibiti tana ci wa kamfanin dubban daloli.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi jan hankalin masana tattalin arziki: shin kuɗi yana iya sayen yarda? Amsar da aka samu ita ce yana motsa mai kasala, amma da ƙyar yake juya wanda ya riga ya yanke shawara. A Siwidin an yi gwaji a 2021 inda aka ba wasu mutane kurona 200, kimanin dala 24, kuma yawan masu karɓar allura a cikinsu ya ƙaru da maki huɗu cikin ɗari. Sabiya ta biya dinari 3,000 ga duk wanda ya fito, Girka ta ba matasa katin Yuro 150. Game da gasar ƙuri'ar Ohayo kuwa, masu bincike sun saɓa wa juna, wasu ma ba su ga wani ƙari da za a danganta da ita ba. Ta ɓangaren horo, Girka ta ci 'yan sama da shekara 60 da suka ƙi allura tarar Yuro 100 a wata daga Janairun 2022, Singafo ta daina biyan kuɗin jinyar korona ga wanda ya ƙi da gangan, Italiya ta wajabta takardar shaida ga kowane ma'aikaci daga 15 ga Oktoba, 2021.

Tilastawa tana da nata farashin. Ostiriya ta kafa dokar wajabta allura ga dukan manya a Fabrairun 2022, da tara mai kaiwa Yuro 3,600, amma ta dakatar da ita bayan wata ɗaya, ta soke ta gaba ɗaya a tsakiyar shekara ba tare da ta taɓa aiki ba. A Kanada, direbobin manyan motoci masu adawa da sharaɗin rigakafi sun toshe gadar Ambassador ta kusan mako guda a wannan wata na Fabrairu. Ta wannan gada ce kimanin rubu'in cinikin Kanada da Amurka yake wucewa, saboda haka masana'antun motoci a ɓangarorin biyu suka rage aiki don rashin kayayyakin haɗi. A Sin kuwa yawancin jama'a sun yi rigakafi, amma tsofaffi, waɗanda cutar ta fi kashewa, su ne suka fi ja da baya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gwamnati ta ci gaba da kulle birane har Disambar 2022, shekarar da tattalin arzikinta ya bunƙasa da kashi 3 cikin ɗari kawai maimakon kimanin 5.5 da ta tsara.

Game da Afirka, an yi ta yayata cewa mutanenta ne ba sa son allura. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Afirka ta fitar a Disambar 2020, wanda ya shafi ƙasashe 15, ya nuna kashi 79 cikin ɗari za su karɓa in an tabbatar tana da inganci kuma ba haɗari. Habasha da Nijar sun wuce kashi 90, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ta zo ƙarshe da kashi 59. Wani binciken da mujallar Nature Medicine ta buga a Yulin 2021 ya sami kimanin kashi 80 na masu niyyar karɓa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki da ya duba, alhali Amurka tana da kimanin 65, Rasha kuma 30.

Abin da ya faru shi ne ƙasashe masu arziki sun riga sun saye kayan tun suna masana'anta. Shirin COVAX, wanda aka kafa don raba allura ga ƙasashe marasa ƙarfi, ya kai wa Gana kashin farko na 600,000 a ranar 24 ga Fabrairu, 2021, ya kawo wa Nijeriya kusan miliyan 4 a ranar 2 ga Maris. Shirin ya dogara ne ga kamfanin Serum da ke birnin Pune na Indiya, kuma da cutar ta ɓarke a can a watannin Maris da Afrilu, Indiya ta tsai da fitar da allura. Watanni suka wuce ba kaya. Sa'ad da kyautar ƙasashen Yamma ta fara kwararowa a ƙarshen shekara, ɗokin jama'a ya huce, jita-jita ta riga ta cika wayoyin hannu, kuma wani kaso na kayan ya kusa lalacewa. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa mai sayen da ya zo sau biyu bai sami kaya ba, da wuya ya dawo na uku.

Ba a ce babu shakka a nahiyar ba. Shugaba John Magufuli na Tanzaniya ya ƙi allurar har ya rasu a Maris na 2021, sai magajiyarsa Samia Suluhu Hassan ta karɓa a bainar jama'a a watan Yuli. A Nijeriya ma shakkar tana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin yana hana haihuwa, kuma Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin a shawo kan lamarin cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma an ƙiyasta cewa kashe wannan wuta ya ci fiye da dala miliyan 500.

Amma wannan labari yana da ƙarshe mai daɗi, kuma a nan darasin yake. Da aka sa sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida a gaba, aka kuma haɗa rigakafin da wasu hidimomin lafiya da iyaye suke buƙata, jama'a sun dawo. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar shan-inna na ƙarshe a Barno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ita. Haka ma a batun korona, an ga ƙaruwar masu karɓa daga ƙarshen 2021 sa'ad da aka fitar da allurar daga asibitoci zuwa kasuwanni da tashoshin mota da masallatai da majami'u, wato aka rage wa mutum kuɗin mota da asarar yini. Sharaɗin da Gwamnatin Tarayya ta gindaya wa ma'aikatanta daga 1 ga Disamba, 2021, da wanda Saudiyya ta gindaya wa maniyyata aikin Hajjin 2022, su ma sun tura mutane da yawa.

Masana na Kwalejin Imperial da ke Landan sun ƙiyasta cewa allurar korona ta ceci rayuka tsakanin miliyan 14 da miliyan 20 a shekararta ta farko. Sai dai gardamar da aka yi a kanta ta bar baya da ƙura. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a 2023 cewa a ƙasashe 52 daga cikin 55 da aka duba, yawan masu ganin muhimmancin rigakafin yara ya ragu, kuma yara miliyan 67 sun rasa rigakafinsu, duka ko wani sashe, tsakanin 2019 da 2021. Kuɗin jinyar ƙyanda da mashaƙo da za su biyo baya, daga aljihun iyaye da baitulmalin jihohi zai fito.

Akwai kuma batun masana'antu. A lokacin annobar Afirka tana shigo da kusan kashi 99 cikin ɗari na alluran da take amfani da su, kuma Tarayyar Afirka ta ƙudurta samar da kashi 60 a gida zuwa 2040. A Yunin 2024 ƙawancen Gavi ya ƙaddamar da wani asusu na kimanin dala miliyan dubu 1.2 don tallafa wa masu sarrafa allura a nahiyar. Amma duk mai niyyar zuba jari zai tuna da kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu, wanda ya shirya sarrafa allurar korona da sunansa a 2022 ya rasa ko oda ɗaya. Nijeriya, wadda ɗakin sarrafa allurarta na Yaba ya daina aiki tun 1991, tana cikin masu son komawa wannan fage. Masana'anta ba ta rayuwa sai da kasuwa, kasuwar allura kuwa ita ce jama'ar da suka yarda a yi musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona a ranar 5 ga Mayu, 2023, aka kuma rufe shirin COVAX a ƙarshen wannan shekara. Lokacin da babu annoba shi ne lokacin da ya dace a tara jarin da za a buƙata in wata ta zo. Ga Nijeriya wannan yana nufin biyan ma'aikatan ƙananan asibitoci albashinsu a kan kari, samar da firji da wutar da za ta riƙe shi, ware wa rigakafi kuɗinsa a kasafi maimakon jiran kyautar da ta kusa lalacewa, da kuma gaya wa jama'a gaskiya game da illar magani in an gano ta, kafin su ji a bakin wani. Uwar da ta sami magani ranar da ɗanta yake zazzaɓi, ita ce za ta fito ranar da aka kira ta rigakafi.